Daren Gudauri: Yadda Hayaƙin Janareta Ya Kashe Ma'aikata 12 Suna Barci

Ranar Asabar, 14 ga Disamba, 2024, aka tarar da gawarwakin mutum 12 a wurin kwana da ke hawa na biyu na wani gidan abincin Indiyawa a garin Gudauri na ƙasar Jojiya. Dukkansu ma'aikatan gidan abincin ne. Ofishin jakadancin Indiya da ke Tibilisi ya tabbatar da cewa 11 daga cikinsu 'yan ƙasarsa ne, ragowar mutum ɗaya kuma daga Jojiya. Da jami'an bincike suka duba gawarwakin ba su ga rauni ba, ba su ga alamar duka ko kokawa ba. Abin da suka gani, kamar yadda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ƙasar ta bayyana a sakamakon binciken farko, shi ne injin janareta da aka ajiye a wani rufaffen wuri cikin ginin, dab da ɗakunan kwana. An tayar da shi ranar Juma'a, ga alama bayan da wutar lantarki ta ɗauke. Hukuma ta buɗe bincike a ƙarƙashin sashe na 116 na dokar laifuka ta ƙasar, wanda ya shafi salwantar da rai ta hanyar sakaci.

Gudauri gari ne na 'yan yawon buɗe ido a kan tsaunukan Kokasus, kimanin kilomita 120 arewa da Tibilisi, a kan tsohuwar hanyar soja da ta nufi iyakar Rasha. Tsayinsa daga gaɓar teku ya kai wajen mita 2,200. Mutane na zuwa can ne don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma watan Disamba shi ne farkon kakar ciniki. Akasarin waɗanda suka rasu daga jihar Punjab suka fito. 'Yan ci-rani ne, irin waɗanda ke barin gida su tafi nesa don su riƙa aiko wa iyaye da ƙanne abin sakawa a bakin salati, suna kwana a inda suke aiki don kada kuɗin haya ya cinye ɗan abin da suke samu. Wannan rayuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san yaran shago da masu gadi da 'yan aikin gidan burodi a garuruwanmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan lamari shi ne babu wani abu ɗaya a cikinsa da za a kira baƙon al'amari. Wuta ta ɗauke, abin da ke faruwa kullum. An tayar da inji, abin da kowa zai yi, balle a wurin da sanyi ke daskarar da ruwa. An rufe ƙofofi da tagogi, an kwanta bayan gajiyar aiki. Kuskure ɗaya ne tak a cikin jerin: wurin da injin ya zauna. Tazarar 'yan mitoci tsakanin cikin gini da wajensa ita ce ta raba mutum 12 da duniya.

Abin da inji ke yi a rufaffen wuri

Duk abin da ake ƙonawa, fetur ne ko gas ko kananzir ko itace ko gawayi, yana buƙatar isasshiyar iskar oksijin kafin ya ƙone ƙurmus. Idan ya samu, abin da ke fita galibi iskar kabon dayoksaid ce da tururin ruwa. Idan bai samu ba, sai ƙonuwar ta tsaya rabi da rabi, a samu kabon monoksaid. Ita wannan ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari, ba ta sa ido yaji. Warin da ake ji a hayaƙin janareta na ragowar man da bai ƙone ba ne, kuma hanci na saurin sabawa da shi. Gubar kanta babu gaɓar jikin ɗan Adam da ke iya gane ta.

Ƙananan injinan fetur sun fi kowa fitar da ita. Motocin zamani na da wata na'ura a jikin salansa da ke tace mafi yawan gubar kafin ta fita, amma galibin janaretocin da ake ɗauka a hannu ba su da ita. Shi ya sa hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Amurka ke gargaɗin cewa janareta guda na iya fitar da kabon monoksaid daidai da na ɗaruruwan motoci. Tun shekarar 2007 ta wajabta a liƙa takardar gargaɗi a jikin kowane sabo, mai cewa amfani da shi a cikin gida na iya kashe mutum cikin mintoci.

A rufaffen wuri kuwa abin ƙaruwa yake yi. Injin na zuƙe oksijin ɗin ɗakin, yana kuma sake shaƙar hayaƙin da ya fitar, don haka ƙonuwar na ƙara lalacewa, gubar na ƙara yawa. A kan tsauni irin na Gudauri akwai ƙarin matsala: iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba, inji mai kafireta yakan sha mai fiye da iskar da yake samu, jikin mutum ma da ma yana fama da ƙarancin oksijin tun kafin guba ta shigo.

Masana na auna wannan iska da kashi cikin miliyan. Idan ta kai kashi 200 cikin miliyan, mutum zai fara ciwon kai bayan awa biyu zuwa uku. A kashi 800, jiri da tashin zuciya na zuwa cikin minti 45, sannan suma ta biyo baya kafin awa biyu ta cika. A kashi 3,200, rabin awa ya isa a rasa rai. Janareta a cikin ɗaki ko lungu rufaffe na iya kaiwa waɗannan matakai ba tare da wani dogon lokaci ba. Kuma nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, saboda haka ba ta taruwa a ƙasa ko a sama kaɗai, gauraya take yi da iskar gidan, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta hau matakala, ta ratsa silin. Bangon da ke tsakanin inji da mai barci ba kariya ba ne muddin rufi ɗaya ya haɗa su.

Me ya hana ko mutum ɗaya farkawa?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi idan ya ji adadin. Mutum 12, akasari masu jini a jika, a ce babu wanda ya tashi ya buɗe taga?

Amsar na cikin jini. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himoglobin, wanda aikinsa shi ne ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran sassa. Kabon monoksaid na maƙale wa wannan sinadari da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Kamar motar haya ce da wani fasinja ya shige ya ƙi sauka: motar na ta zirga-zirga, amma masu buƙatar kujera na tsaye a bakin titi. Ɗan oksijin ɗin da ya samu gurbi ma, jinin sai ya riƙe shi ya ƙi sakar wa gaɓoɓi. Masanin Faransa Claude Bernard ya bayyana wannan alaƙa tsakanin gubar da jini tun a 1857, daga baya kuma John Scott Haldane na Birtaniya ya ba masu haƙar kwal shawarar shiga rami da ɓeraye ko ƙananan tsuntsaye, domin su ne ke fara faɗuwa kafin mutum ya ji komai.

Sai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Jin shaƙewar da ke sa mutum ya zabura daga barci yana neman iska, taruwar kabon dayoksaid ce ke haddasa shi, ba ƙarancin oksijin ba. Wanda ke shaƙar kabon monoksaid numfashinsa na shiga yana fita lafiya lau, don haka jikinsa ba ya buga masa ƙararrawa. Barcin ne kawai ke ƙara nauyi har ya zama suma. Wanda ya yi sa'ar farkawa ma, sau da yawa yakan tarar kansa na sarawa, tunaninsa ya rikice, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Gubar na fara taɓa hankalin da zai gaya masa ya gudu. Dalilin ke nan da ake tsintar wasu a bakin ƙofa.

Ƙarfin jiki ba ya hana komai. Ɗan ƙwallon Ajantina Emiliano Sala, wanda ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a watan Janairun 2019, an gano kashi 58 cikin 100 na himoglobin ɗinsa ya kama wannan guba. Abin da ya kai kashi 50 ana ɗaukarsa a matsayin mai iya kisa.

Alhakin wa?

Sashen dokar da hukumomin Jojiya suka ɗauko ya nuna yadda suka kalli abin tun ranar farko: ba su tsaya a kan cewa tsautsayi ne kawai ba. A ganina sun yi daidai. Ma'aikacin da aka ba shi makwanci a saman wurin aiki ba shi ya zaɓi ginin ba, ba shi ya sayi injin ba, ba shi zai sayi na'urar gargaɗi ba. Duk wanda ya kwantar da mutane a ƙarƙashin rufinsa, mai otal ne ko mai gidan haya ko mai shago ko mai makarantar kwana, ya ɗauki amanar numfashinsu. Shi ya kamata ya tanadi inda inji zai zauna tun kafin ranar da wuta za ta ɗauke, domin shawarar da aka yanke cikin duhu da sanyi da gaggawa ba kasafai take yin kyau ba.

Gudauri ba ita kaɗai ba ce. A watan Fabrairun 2021, lokacin da matsanancin sanyi ya durƙusar da wutar lantarki a jihar Texas ta Amurka, sama da mutum 1,400 aka garzaya da su asibiti saboda wannan guba, daga masu tayar da mota a gareji zuwa masu shigo da murhun gawayi falo. A watan Janairun 2022, fiye da mutum 20 suka rasu cikin motocinsu a Murree ta Pakistan bayan dusar ƙanƙara ta tare hanya, wasunsu saboda hayaƙin injin da suka bari a kunne don jin ɗumi. Wani babban nazari na duniya ya ƙiyasta cewa kusan mutum 29,000 ne wannan guba ta kashe bisa kuskure a shekarar 2021 kaɗai. Kusan ko'ina labarin ɗaya ne: wuta ta ɗauke ko sanyi ya tsananta, sai aka jawo abin ƙonawa kusa.

A nan gida

Mu ba dusar ƙanƙara ce ke sa mu shigo da janareta ba. Tsoron ɓarawo ne, ko ruwan sama, ko gudun kada ƙara ta dami maƙwabci, ko kuma kawai wayar ta yi gajarta. Sai ka ga an tura shi soro an ja ƙyaure, ko ƙarƙashin matakalar bene, ko cikin kicin, ko lungun da ke tsakanin ɗakunan gidan haya, salansa na fuskantar tagar wani. A lokacin zafi abin ya fi muni, domin ana so fanka ta kwana tana juyawa, don haka injin ma kwana yake yi yana aiki. Jaridun Najeriya sun sha kawo labarin iyalin da aka ɓalle ƙofa aka same su duka sun rasu, da janareta a gefe mansa ya ƙare. Kafin sakamakon likita ya fito, unguwa ta riga ta ɗauka: wasu su ce guba aka sa musu a abinci, wasu su ce sammu ne, wasu su ce aljanu. Har a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, alhali abin da ya yi kisan na ajiye a soro, gobe ma wani zai tayar da irinsa.

Da hunturu kuwa gawayi ne. A cika kasko ko kurfoti da garwashi a shigar ɗaki, a toshe taga da tsumma, musamman ɗakin mai jego ko na tsoho. Mutane kan jira sai hayaƙin ya gama fita, garwashin ya yi jajir, sannan su shigo da shi, suna ganin ai haɗarin ya wuce. Wannan fahimta ce mai kisa. Garwashin da ba ya hayaƙi yana nan yana fitar da kabon monoksaid har sai ya mutu murus. Jariri kuma, da ɗan tayin da ke ciki, da tsoho mai ciwon zuciya, da mai ƙarancin jini irin masu sikila, su ne gubar ke fara kayarwa.

Ya zo a Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a bar wuta a cikin gidaje lokacin da za a yi barci. Gobara aka fi kawowa wajen bayanin hadisin, amma wanda ya yi aiki da shi ya tsira daga wannan gubar ma.

Akwai kuma rikicewar alamomi. Ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, amai: duk wanda ya ji waɗannan a ƙasarmu maleriya ko taifot zai fara kawowa a ransa, ya aika kemis a haɗo masa magani, ya koma ɗakin ya kwanta. Abin da ke bambanta su shi ne gubar ba ta zuwa da zazzaɓi, takan kama mutanen gida da yawa a lokaci guda, kuma mutum na jin sauƙi idan ya fita waje, ciwon ya dawo idan ya koma ciki. Idan ka ga kai da mai ɗakinka da yara duk kun tashi da ciwon kai a safiyar da inji ya kwana yana aiki, ko kaji da kyanwar gidan sun yi laushi, kada ka tsaya neman wani dalili.

Inda inji ya kamata ya zauna

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: a fili, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, wato kimanin mita shida, salansa na kallon wajen da babu ɗaki. Buɗe ƙofar soro ko kunna fanka ba ya wadatarwa. Na san ba kowane gida ke da irin wannan fili ba, musamman a cikin tsofaffin unguwanni masu cunkoso. Amma ko a nan akwai abin yi. Mai walda zai iya ƙera kejin ƙarfe mai sanduna, a kafe shi da siminti a tsakar gida ko a waje, a sa masa kwano daga sama kawai don ruwa, gefunansa a buɗe, a sa kwaɗo. Waya mai kauri da tsayi ta fi araha a kan komai da za a kashe a asibiti. Idan kuma gidan ya ƙi ba da wurin da ya dace, to a yi cajin fitila da waya da fanka mai batir da yamma, a kashe injin kafin a kwanta. A duba maƙwabci ma: tagarsa na iya zama ita ce ke fuskantar salansarka, kuma a gidajen haya da yawa sararin da ke saman silin a haɗe yake daga ɗaki zuwa ɗaki.

Gawayi ba shi da wurin zama a ɗakin kwana, ko an bar taga a ɗan buɗe. A sha ɗumi a tsakar gida, a shiga da bargo da rigar sanyi, ko gorar ruwan ɗumi a naɗe da zane. Murhun gas da risho na girki ne, ba na ɗumama ɗaki ba, kuma harshen wutar gas shuɗi ya kamata ya zama. Idan ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, a kira mai gyara. Kada a bar mota a kunne cikin gareji.

Sai na'urar gargaɗi. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, da batir take aiki, ana rataye ta kusa da ɗakin kwana, ta yi ta ƙara mai tsanani da zarar gubar ta fara taruwa. Daban take da na'urar gano hayaƙin gobara, sai dai in an rubuta cewa ta haɗa biyun. A nemi mai ɗauke da lambar inganci EN 50291 ko UL 2034, a riƙa danna maɓallin gwaji, a kuma lura da ranar ƙarewar aikinta, domin bayan shekara biyar zuwa goma sai an sauya. Ita kaɗai ce ke iya yin abin da hanci da ido suka kasa a lokacin da kowa ke barci. Ya kamata a ce masu sayar da janareta a kasuwanninmu suna ajiye ta a kan kanta ɗaya da injin, hukumomi kuma su wajabta ta a otal-otal da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Idan an riga an faɗa

Wanda ya tarar da mutane a sume kada ya afka ɗakin kai tsaye, don masu ceto ma na faɗuwa. A wangale ƙofofi da tagogi, a kashe injin in ana iya kai masa ba tare da daɗewa a ciki ba, a ja numfashi daga waje, a shiga a jawo mutum zuwa fili. A kira lambar gaggawa ta 112 ko a nemi mota nan take. Wanda ke numfashi amma bai farfaɗo ba a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Wanda numfashinsa ya tsaya a fara danna masa ƙirji. Kada a ɗura wa kowa madara ko manja. Ba sa cire gubar daga jini, kuma suna iya gangarawa huhun wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Maganin shi ne oksijin tsantsa ta abin rufe hanci da baki. A iskar waje kawai, jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya rage rabin gubar. Da oksijin tsantsa lokacin na saukowa zuwa wajen awa ɗaya da rabi. Don haka ko mutum ya farfaɗo ya ce ya ji garau, asibiti za a kai shi. A gaya wa likita ƙarara cewa janareta ko gawayi ya kwana kusa da su, domin ƙaramar na'urar da ake maƙala wa a yatsa ba ta bambanta jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki guba, tana iya nuna lamba mai kyau alhali mutum na cikin haɗari. Mai juna biyu a kai ta ko da ba ta jin komai, saboda jinin ɗan tayi ya fi nata riƙe gubar.

Bayan an sallamo su ma a ci gaba da sa ido. Wasu kan warke sarai, sai bayan kwanaki ko makonni, har zuwa wajen kwana 40, a ga mantuwa ta kama su, ko halinsu ya sauya, ko tafiyarsu ta rikice, ko yaro ya koma baya a karatu. Duk wanda aka ga haka a tare da shi a mayar da shi wurin likita, a kuma tuna masa da batun hayaƙin da aka shaƙa.